Shirin da Ba Nawa Ba

Shekara uku na yi ina gabatar da shirin mata a wani gidan talabijin a nan Katsina. Duk ranar Talata nakan tari Keke Napep daga Ƙofar Ƙaura. Ni ke nemo baƙi, ni ke tsara tambayoyi, wata rana har kuɗin motar baƙuwa daga jakata yake fita. A Babbar Kasuwa mata kan tare ni su ce, "Ba ke ce ta talabijin ba?" Daɗin wannan ya hana ni tambayar kaina ko shirin na wane ne.

Da aka canza shugabanni aka soke shirin, na je neman kwafin hirarrakina. Wani ma'aikaci ya ce mini cikin ladabi, "Hajiya, ai kayan gidan nan ne." Na fito hannu rabbana. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce hirata da wata tsohuwa mai kaɗi a Rafindadi, tana murza mazari a kan tasa, tana dangwalar alli da yatsa, tana ba ni labarin yadda aka kai ta ɗaki da zanen saƙi. Bayan wata biyu Allah ya yi mata rasuwa. Jikokinta suka zo har gida suna roƙon muryar kakarsu, ba ni da abin ba su.

A cikin wannan zaman ɓacin rai na fara kallon shirin Hadiza Gabon da idon mai sana'a. An haife ta a Librebil ta ƙasar Gabon a 1989, ta zo Najeriya Hausarta ba ta nuna ba, ta shiga Kannywood da fim ɗin Artabu a 2009, ta kafa gidauniyar taimakon marasa galihu a 2016. Bayan shekara fiye da goma tana fitowa a finafinan wasu, sai ta buɗe zauren hirarta a YouTube, da sunanta, a shafinta. Kujerar tata ce, baƙon nata ne, mai son talla wurinta zai zo. Haka Oprah Winfrey ta yi a Amurka: shirinta ya fara karaɗe ƙasar a 1986, ba da jimawa ba kamfaninta na Harpo ya mallake shi, aka yi shekara 25 ana yi. Baki ya fito da ita, amma mallaka ce ta yi mata arziki.

Ba duk tambayoyin Hadiza nake so ba. Wasu na ganin an cika tonon zaman aure. Sai dai ta iya yin shiru ta bar baƙo ya kai ƙarshen zancensa, abin da ni a da ban iya ba, don agogon furodusa nake kallo.

Yanzu a shagona na turaren wuta nake ɗaukar hirarrakina, da waya da ƙaramin makirfo, ƙanena ke riƙe fitila. Masu kallo ba su da yawa, kuɗin data ma turaren ne ke biya. Kafin in sa kowace hira a intanet, sai na tura wa mai ita kwafinta. Makon jiya wata mai fura daga Ƙofar Marusa ta dawo da wayar ɗanta, ta ce, "'Yar nan, sake sa mini, kishiyata ba ta gani ba."