Tukwanen da Aka Kife a Bakin Titi

Mu da muke cin abincin rana a waje, ba ma samun labarin rufewar gidan abinci sai mun je mun tarar da benci a kife. Mai garau-garau ko mai tuwo ba ta da allon sanarwa. Wata rana dai za a ce Hajiya ta tafi hutu, hutun kuma ya ƙi ƙarewa. A Kano mun ga irin wannan sau da yawa tun daga 2023, kuma kusan kowace rumfa abu biyu ne suka haɗu suka ci ta: kasuwa da doka.

Kasuwa ce ta fara matsawa. A farkon shekarar aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda sauya fasalin naira, masu sayen abincin ɗari biyu suka rasa tsabar da za su miƙa. Ba a gama farfaɗowa ba, ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki. Kuɗin dako daga Dawanau da Kasuwar Singa ya tashi, shinkafa da wake da man gyaɗa suka bi, gas da gawayi ma ba su tsaya ba. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari a lissafin hukumar ƙididdiga ta ƙasa.

Babban gidan abinci mai gilashi da na'urar sanyi yakan sake rubuta farashi, masu zuwa su biya. Mai rumfa ba ta da wannan damar, domin ta san aljihun kowa: ɗan dako, mai adaidaita sahu, ɗalibi, tela. Idan ta ƙara kuɗi, su ne za su daina zuwa. Sai ta rage malmala, ta cire nama, ta tsinka miya. Mu kuwa muka riƙa ƙorafi cewa hannunta ya yi nauyi, alhali jarinta take zuba mana a faranti. Ga littafin bashi da ke cika kullum, ga zubin adashi da ke jira.

Sannan ga doka. Ba mu ce a bar gari ba tsari ba. Muna son duba-gari ya leƙa inda ake wanke kwanuka, muna son titi ya buɗe, kwata ta wuce da ruwan sama. Amma tsarin da muka saba gani kora ce kawai. A shafa jan fenti a bango, a ba da wa'adi, a kwashe rumfa. Masu karɓar haraji kuma kala-kala, kowa da rasit ɗinsa. Ko aikin gada ko faɗaɗa hanya, da muke murna da shi, yakan toshe ƙofar mai abinci watanni, har masu saye su saba da wani wurin. Tun a 2013 da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, masu shayi da masu abinci da ke kusa da matattarar 'yan acaɓa suka san cewa doka ɗaya tana iya kwashe musu ciniki gaba ɗaya, ko da ba su aka nufa ba.

Jarin mai abinci rabinsa wuri ne. Shekaru ta yi kafin mutane su san kwanar da take. In aka tashe ta, tukunya za ta bi ta, masu saye ba za su bi ba. Tare da ita kuma yarinyar da ke wanke-wanke, mai kawo ruwa a kura, da almajirin da ke samun ƙanzo duk sun rasa abin yi.

Abin da muke roƙo ba shi da yawa. Kafin a tayar da rumfa, a nuna mata inda za ta koma kusa da masu sayenta, da ruwa da wurin zubar da shara, da haya daidai ƙarfinta. A haɗe harajin ya zama guda, a san adadinsa. Mu ma da ke cikin littafin bashi, mu biya da wuri. Ma'aikacin da ya fito tun asuba dole ya ci wani abu da azahar, kuma ba zai iya shiga gidan gilashi ba.