Kafin Ka Sayar da Tsohuwar Kwamfutarka

Yawancin kwamfutocin da ke shagunanmu a nan Agege gwanjo ne, sun sha aiki a ofisoshin Turai ko Amurka kafin su sauka Legas. Kukan masu su kuma ɗaya ne: nawa. Ka kunna ta, ka sallami masu saye biyu, ka juyo ka tarar ba ta gama buɗewa ba. Daga nan sai mutum ya ce ta tsufa, ya karyar da ita ya ciwo bashin wata. Tawa ma ta yi wannan lalacin, amma ban sayar ba. Rumbunta kawai aka canza, ga ta nan muna aiki.

Rumbu nake kiran abin da ke ajiye komai a cikinta, tun daga Windows, wato babbar manhajar da ke tafiyar da ita, har lissafinka da hotunanka. Tsohon samfuri faifai ne mai juyi, kamar na garmaho ga waɗanda suka riske shi. A irin kwamfutocinmu na cinya yakan juya sau 5,400 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai bin kansa yana neman abin da ka tambaya. Wannan neman shi ne jiran da kake yi. Sabon samfurin, SSD, babu abin da ke motsi a cikinsa, dangin memorin waya ne. Na gama-gari, wanda ke shiga gurbin tsohon daidai, yakan karanta wajen mega 500 a daƙiƙa, tsohon kuwa da ƙyar yake wuce 100. Akwai wani siriri kamar cingam da ake kira NVMe, ya fi gudu nesa, sai dai ba kowace kwamfuta ke da ramin sa shi ba. Don haka a duba cikin taka tukuna kafin ka hau motar Ikeja.

To, sayen rumbun ba shi ne aikin ba, ƙaurar ita ce aikin. Hanya biyu ce. Ko dai a zuba sabuwar Windows a sabon rumbun ka soma daga farko, ko a kwafe tsohon ɗungurungum, yadda in ka kunna za ka ga komai a inda ka bar shi. Yara masu gyara sun fi son ta farko, don ta fi musu sauƙi, kuma gaskiya kwamfuta takan fita tsaf. Ni ta biyu na zaɓa. A ciki akwai lissafin bashin wake da gero na shekara shida, wane ya ɗauki buhu nawa, wane ya biya rabi. Akwai kuma sunayen ma'auratan da na ɗaura wa aure, da sadaki da waliyyai, waɗanda akan zo nema in rigima ta taso. Ga firinta da aka sha wuya kafin ta yarda da kwamfutar. Mai shekaruna ba ya son a sauya masa wurin ajiye kaya.

Wani maƙwabcina a kasuwa ya kai tasa gyara, ya ce a sa mata sabon rumbu, bai ƙara ko kalma ba. Yaron ya sa, ya zuba Windows, ya goge tsohon ya karɓe shi a matsayin ragin kuɗi. Lissafin bashin mutumin nan duka ya bi ruwa. Masu tsoron Allah sun zo sun faɗi abin da ake bin su, sauran kuwa har yau suna gaisawa da shi da fara'a. Saboda shi na zauna a benci aka yi nawa a gabana.

Ɗana ne ya yi, a gida. Kafin ya taɓa komai sai da ya kwashe lissafin da takardun ya zuba a filas, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan ya haɗa sabon rumbun da kwamfutar ta waje, da wata 'yar waya mai bakin USB, ya kunna manhajar kwafi. Akwai ta kyauta mai suna Clonezilla, wasu kamfanoni irin su Samsung kuma suna ba da tasu ga wanda ya sayi rumbunsu. Wurin da ake lura sosai shi ne inda manhajar ke tambaya wanne za a kwafa, wanne za a zuba wa. In aka juya su, wofi za a zuba a kan kayanka. Sai kuma wuta. Batirin gwanjo ba ya riƙe caji, kwafin kuma yakan ci awa ɗaya ko fiye, don haka janareta muka tayar, ba mu dogara da 'yan Nepa ba.

Tsohon rumbuna giga 500 ne, sabon 256, na ɗauka ba zai yiwu ba. Ashe abin da ake dubawa yawan kayan da ke ciki ne. Muka rage finafinan da yara suka cusa, aka tsuke wurin, kaya suka shige. Da aka kunna sai na ga 238 aka rubuta. Wannan ba cuta ba ce, kamfani da Windows ne kowa da mudunsa. Jabun rumbu dai akwai shi, mai nuna girman da ba shi da shi, shi ya sa arha mai yawa take ba ni tsoro.

Kada wani ya ce sai ka sayi sabon lasisi. Lasisin Windows na wannan zamani yana ɗaure ne da babban allon cikin kwamfutar, canza rumbu ba ya taɓa shi. Amma in rumbunka a kulle yake da BitLocker, nemo lambobinsa 48 ka rubuta a takarda kafin a fara.

Abu biyu sabon rumbun bai magance ba. Tsohon faifai in zai mutu sau da yawa yakan yi ƙara, ka samu ka kwashe kaya. SSD na iya mutuwa shiru, kuma abin da ka goge a kansa da wuya a dawo da shi. Na biyu, Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar yawancin injinan da suka girmi zubi na 8 na Intel. SSD zai ba ka gudu, ba zai sa ta karɓe ka ba. Mai shiga banki da kwamfutarsa ya san da wannan.

Tsohon faifan yana wurina, ban goge ba, ban bar wa kowa ba, don sirrin mutane ne a ciki. An saya masa ɗan gida mai waya, duk ƙarshen wata ɗana yakan jona shi ya zuba sabon lissafi, sannan na mayar da shi akwatin da nake ajiye takardun shago.