Kafin Ka Zauna Gaban Masu Tambaya

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, ƴan'uwa, yau na jingine karatunmu na tsarki domin wani al'amari da ya faru a zaurena nan Tenhiya, wanda nake ganin zai amfani ɗalibanmu da suka kammala karatu suna neman aiki.

Makonni uku da suka wuce ɗan ƙanwata ya zo mini bayan sallar isha'i. Ya gama karatu a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, kuma wani kamfanin hatsi ya kira shi ganawa domin gurbin mai nazarin harkokin kasuwanci. Ya ce, "Kawu, addu'a na zo nema." Na ce masa addu'a tana nan, amma ya fara karanta mini takardar da ya aika musu, tunda ni Faransancina bai wuce na gaisuwa ba. Yana fassarawa sai na ji ya rubuta cewa ya yi shekara 2 yana aiki a wani ofis. Ni kuwa na san wata 3 ya yi, na koyon aiki. Ya sunkuyar da kai ya ce kowa haka yake yi. Na san abin da ke matsa masa: awakin mahaifiyarsa aka sayar ɗaya bayan ɗaya har ya gama karatu, kuma gidan gaba ɗaya shi yake kallo.

Ban yi masa faɗa ba, domin ni ma na taɓa faɗawa wannan rami. Ina saurayi na nemi koyarwa a wata makarantar Arabiyya, na ce wa masu jarrabawa na sauke Alfiyyar Ibnu Malik, alhali rabinta kawai na karanta. Wani dattijo a cikinsu ya tambaye ni babi ɗaya daga ƙarshen littafin. Har yau ina jin zufar da ta keto mini. Ya ce, "Yaro, da ka ce rabi ka sani, da mun ɗauke ka mun ƙarasa maka." Na rasa aikin, kuma na fi shekara ina kauce wa hanyar gidansa.

To ya kai mai karatu, ga abin da muka yi a dare uku, ka ɗauki abin da ya dace da kai.

Da farko mun gyara takardar, ya sake aika musu da bayanin cewa ta farko tana da kuskure. Mai nazarin kasuwanci shi ne wanda ake damƙa wa lissafin kamfani ya binciko inda kuɗi ko lokaci ke zurarewa, ya saurari masu saye da masu ajiya da masu sayarwa, sannan ya faɗa wa shugabanni abin da za a gyara. Jarinsa gaba ɗaya yarda ce. Wanda ya ƙara wa tarihin kansa wata 21, wa zai amince da adadin da ya kawo gobe? Ka tuna a Suratu Yusuf, lokacin da Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, da abu biyu ya gabatar da kansa: tsare amana da sanin aikin. Faɗin abin da ka iya halal ne, ba girman kai ba ne. Ƙari a kansa shi ne abin da aka hana.

Na biyu, ka san gidan da za ka shiga. Misali, wanda ya nemi aiki a SORAZ, matatar man da ke cikin yankinmu na Tanut, ya kamata ya san ta fara aiki a 2011, an gina ta domin tace ganga 20,000 a rana, kuma ɗanyen man daga Agadem yake zuwa. Haka kowane kamfani: me yake sayarwa, su wa ke saye, a wane lokaci na shekara yake shan wuya.

Na uku, ka saba da warware matsala da baki. Ni ban iya kwamfuta ba, amma ɗan Damargu ne ni, na san gero. Na ce masa: ɗauka ɗan kasuwa ya sayi buhu 100 a kasuwar Tanut da kaka, kowane jika 25. Dako da mota zuwa Agadas jika 3, ajiya jika 1, ya sayar jika 32. Nawa ya ci? Ya yi sauri ya ce jika 300. Na ce to buhu 5 ƙwari da laima sun lalata su a sito. Ya sake lissafi: ya kashe jika 2,900, ya karɓi 3,040, riba 140. Fiye da rabin ribar ta tafi a cikin sito, inda ba wanda ya duba. Na ce masa darasin shi ne, kafin ka ba da amsa ka yi tambaya: duka kayan sun isa? An biya nan take ko bashi ne? Masu ganawa sun fi son su ji yadda kake bin matsala mataki-mataki fiye da adadin ƙarshe.

Na huɗu, ka shirya labari biyu ko uku na gaskiya daga abin da ka taɓa yi: mene ne matsalar, me ka yi da hannunka, me ya biyo baya. Ka haɗa da wanda ka yi kuskure a ciki, domin sukan tambaya. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka bayyana yadda za ka nemo shi. Malamanmu ba su taɓa ganin wannan a matsayin abin kunya ba.

Na biyar, ka kama hanya kwana ɗaya kafin ranar, domin duk wanda ya san hanyarmu zuwa Tanut ya san mota ba ta da alkawari. Ka riƙe takardunka na asali, ka sa tufafi masu tsabta, ka yi sallarka a kan lokaci. In wani ya ce ka ba shi wani abu ya shigar da sunanka, ka sani cin hanci ne ko da an kira shi goro.

Yaron ya je. Sun buɗe masa Excel suka ce ya tsara musu lissafi, ya yi abin da ya iya, ya faɗi inda iyawarsa ta tsaya. Ɗaya daga cikinsu ya tambaye shi dalilin sake aiko takarda, ya faɗi gaskiya. Har zuwa wannan dare da nake rubutu ba a kira shi ba, kuma mahaifiyarsa takan aiko kullum a tambaye ni ko akwai labari. Ina roƙonku ku sa shi cikin addu'a, shi da duk ƴaƴanmu maza da mata da ke jiran irin wannan kira.

Gobe in Allah ya yarda za mu koma babin taimama inda muka tsaya. Wassalamu alaikum.