Karatun kuɗi tsakanin aji da kasuwa

Tun da na fara digiri na biyu a fannin harkokin kuɗi a Jami'ar Legas, matasa da iyaye suke tambayata me ake koya mana, tunda mutanenmu sun daɗe suna juya kuɗi ba tare da sun zauna a aji ba. Shi ya sa na ga ya dace in ba ku labarin yadda nake wuni, da abin da nake ganin ya shafe mu duka.

Ina barin Agege da an idar da sallar asuba, don duk wanda ya yi jinkiri cunkoso zai cinye masa safiya. Danfo zuwa Oshodi, wata zuwa Yaba, sannan in ƙarasa Akoka. A cikin mota nake bitar abin da na karanta jiya. Ajinmu gauraye yake. Akwai ma'aikatan banki, akwai akantoci, akwai irina da muka taso a shago. Ana koya mana yadda kamfani ke samo jari da yadda yake kashe shi, yadda ake kimanta hannun jari, da yadda ake auna haɗarin asara kafin a zuba kuɗi. Rabin aikin lissafi ne a kwamfuta, don haka wanda bai iya Excel ba sai ya sha wuya. Da la'asar ina shagon kawuna ina rubuta cinikin rana. Da dare kuma karatu, har sai ido ya gaza ko cajin kwamfuta ya ƙare.

Darasin farko da ya zauna mini shi ne, nairar yau ta fi ta baɗi daraja. A watan Disamban 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'ana, wanda ya ɓoye naira miliyan ɗaya a akwati tsawon wannan shekarar, abin da za ta saya masa bai wuce na kusan naira 742,000 a farkon ajiyar ba. Da na yi wa kawu wannan lissafin, dariya ya yi ya ce, "Ɗana, ai shi ya sa ban taɓa barin kuɗi su kwana ba, kaya nake mayar da su." Na ce, "Kawu, abin da littafin ya ce ke nan."

Haka nake ta cin karo da abubuwan gida a cikin littattafan Turawa. Dillalin tumatir a kasuwar Mile 12 da ke ba da kaya bashi ya san wa zai biya, wa zai yi ta kwana-kwana, kuma auna mai karɓar bashi darasi ne guda a wurinmu. Mai adashi tana tara jari. Ɗan canji yana cin tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa. Iyawa kam mutanenmu sun iya. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne rubutu.

Wannan na gane shi sosai da na fara kundin bincikena a kan yadda 'yan gwari ke samun jari. Malamin da ke duba aikina yana son alƙaluma, su kuwa dattawan da nake zama da su lissafinsu a ka yake, sai amana. Amana ta riƙe kasuwancinmu shekaru aru-aru, amma banki takarda yake nema kafin ya ba da jari. Idan mai dukiya ya rasu kuwa, magada ba su san wa ake bi ba, wa ke bi.

Dokoki ma sun sauya. A watan Maris na 2024 Babban Bankin Najeriya ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173. Bayan wata biyu ya fito da sabon sharaɗin jari: naira biliyan 2 ga rukuni na farko, miliyan 500 ga na biyu. Kowa ya san yawan gidajenmu da ke ci daga canji. Wanda zai ci gaba da wannan sana'a a hukumance, sai ya haɗa jari da wasu, kuma sai da wanda ya iya karanta ƙa'ida ya tsara littafin kuɗi.

Wasu iyaye na ɗari-ɗari da wannan fanni saboda kuɗin ruwa. Damuwarsu tana kan hanya, sai dai fannin ya fi haka faɗi. Bankin Jaiz ya fara aiki ba da ruwa ba tun 2012, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk ɗinta na farko na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi. Irin waɗannan wurare suna neman masu ilimin kuɗi.

Ga ƙannena masu sha'awa, ku riƙe lissafi da kwamfuta tun yanzu, ku tanadi kuɗin makaranta da na mota kafin ku shiga, don karatun ba ya son rabin hankali. Ga iyayenmu kuma, idan yaronku ya zo da littafi yana tambayar nawa aka sayo, nawa aka sayar, ku ba shi amsa. Ba raini ba ne, dukiyar gidan yake tsarewa. Allah Ya yi wa nemanmu albarka.