Jinin da Muke Gani a Kan Asuwaki



A wannan makon muna so mu yi magana a kan wani abu da aka saba gani a gida amma ba a ɗauke shi a bakin komai ba, wato jinin da ke fita daga dasashi idan ana goge baki. Mu yara mu ake aika mu ɗauko buta, mu ne muke zuba wa kakanninmu ruwa, don haka mun fi kowa ganin jan da ke kan asuwaki. Idan muka tambaya sai a ce goro ne, ko a ce asuwakin ne ya yi tauri. Wani lokaci goron ne da gaske. Amma sau da yawa jini ne, kuma dasashi mai lafiya ba ya zubar da jini don kawai an goge shi.

A yawancin gidajenmu kuma akwai mai hawan jini. Ko baba, ko inna, ko kaka. Mun san ƙwayar da suke sha kullum da safe, mun san an hana su gishiri da yawa. Mun kuma sha jin an ce wane ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Gidan da haka ta faru ba ya komawa yadda yake, don wani lokaci har yara sai sun bar makaranta su kama talla. Mutane da yawa suna ɗauka ciwon dasashi daban, hawan jini daban. To likitoci sun gano akwai alaƙa a tsakaninsu, kuma malamin kimiyyarmu ya taimaka mana muka fahimci yadda abin yake.

Idan ba a goge baki sosai ba, ƙwayoyin cuta suna taruwa a gindin haƙori. Da farko dattin yana da laushi, asuwaki ko buroshi zai iya cire shi. Idan ya daɗe sai ya daskare ya yi tauri kamar dutse. Daga nan dasashi ya kumbura, ya yi ja, ya fara rabuwa da haƙori, baki ya riƙa wari. A ƙarshe ƙashin da ke riƙe da haƙori ya lalace, haƙori ya fara girgiɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 kusan kashi 19 cikin 100 na manya a duniya suna da irin wannan ciwo mai tsanani, wato sama da mutum biliyan 1.

Dasashin da ya kumbura kamar buɗaɗɗen gyambo ne a cikin baki. Ta nan ƙwayoyin cuta suke samun hanyar shiga jini, ko da wajen tauna ne. Jiki sai ya yi ta yaƙi da su wata da watanni, kuma wannan yaƙin yana taɓa siririyar fatar da ke cikin jijiyoyin jini. Aikin fatar nan shi ne ta sa jijiya ta saki, ta buɗe idan jini ya taho da yawa. Duk wanda ya taɓa ganin masu noman rani a Daberam ya san tiyo. Idan ka danne bakin tiyo da yatsa, ruwa zai fito da ƙarfi, injin kuma ya ƙara wahala. Haka zuciya take wahala idan jijiyoyi suka ƙi buɗewa, kuma awon jini sai ya hau.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne an gwada an gani. A shekarar 2007 aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a Landan a kan mutum 120 masu ciwon dasashi mai tsanani. An raba su gida biyu. Wasu aka yi musu wankin haƙori na sama-sama, wasu kuma aka kankare musu dattin har ƙarƙashin dasashi. Kwana ɗaya bayan aikin, jijiyoyin waɗanda aka kankare wa sosai sun ɗan ƙara takura. Amma bayan wata shida, jijiyar hannunsu ta fi ta sauran buɗewa. A 2019 kuma aka buga wani binciken da aka yi a ƙasar Poland a kan mutum 101 masu hawan jini da ciwon dasashi a tare. Bayan wata biyu, lambar sama ta awon jinin waɗanda aka yi wa cikakken magani ta sauka fiye da ta sauran da kusan maki 11. Ga wanda awonsa ya haura 140 bisa 90, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai kada wani ya koma gida ya ce wa baba ya ajiye ƙwayarsa. Gyaran dasashi taimako ne, ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta. Akwai ma wasu magungunan hawan jini, irin su amlodipine da nifedipine, da kan sa dasashin wasu mutane ya yi kauri. Wanda ya ga haka ya gaya wa likitansa, shi ne zai san ko a canza masa wani.

To mu me za mu iya yi? Ba mu da kuɗin asibiti, amma muna da ido da baki. Idan muka ga jini a kan asuwakin kaka, mu gaya wa babba a gida cikin ladabi. Idan za a kai inna awon jini a babban asibiti, mu roƙa a tambayi inda ake duba haƙori, a yi duka a rana ɗaya. Wannan zai rage wa mutanen Baure da Zango da Sandamu da Mai'adua kuɗin mota. Mu kuma gaya musu cewa dattin da ya riga ya daskare asuwaki ba ya cire shi, gawayi ko toka ma ba sa cire shi, sai ma'aikacin haƙori da kayan aikinsa. Masu shan sigari a gidajenmu su sani tana ɓata dasashi, tana kuma ɓata jijiyoyin jini.

Mu ma kanmu ba mu tsira ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu goge baki sau biyu a rana, da safe da kuma kafin barci, da man goge baki, a hankali, har gindin haƙori. Asuwaki sunna ne kuma yana aiki, amma a tauna bakinsa ya yi laushi, a riƙa yanke tsohon baki, kada kuma a yi aron na wani. Mu rage alawa da lemon kwalba a lokacin tara.

Muna roƙon shugaban makaranta da malamanmu su gayyato mana ma'aikacin lafiya ranar 20 ga Maris, wadda ita ce ranar lafiyar baki ta duniya, ko ranar 17 ga Mayu, ranar hawan jini ta duniya. Idan so samu ne a gayyaci iyayenmu su ma, a duba bakinsu a auna jininsu a zama ɗaya. Muna so su daɗe tare da mu har su ga mun gama karatu.

Allah ya ƙara wa iyayenmu da malamanmu lafiya, amin.

Daga 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.