Gudu A Duwatsun Shere: Sai Mai Huhu!

Duk saurayin da ke taƙama da gudun safe a shimfiɗaɗɗen titin Kano, to ya leƙa Jos ya gwada ƙwanjinsa. Daga bakin dam ɗin Lamingo hanya ke ratsa gonaki da kurmi, ta tsallake ƙoramu, sannan ta miƙe sama zuwa duwatsun Shere, masu tsayin sama da mita 1,800. A can iskar shaƙa kan yi ƙaranci, kafin ka ce kwabo baƙo ya fara haki! Amma wannan wahalar ce sirrin 'yan tseren Filato, musamman na Pankshin, gwanayen gudun yada-ƙanin-wani. Shawara dai: a tafi da ɗan gari, kuma da damina a kiyayi santsin dutse.