Maganar da Na Yaɓa wa Ƙanena a Bakin Gona

Ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141. Ina tsakiyar noman rani ke nan a fadamarmu ta Kaugama, da ɗan injin ban ruwa guda wanda ba ya tashi sai ya sha mai. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka kira yajin aikin gama-gari daga ranar 9 ga wata. Gidajen mai suka rufe, 'yan bumburutu suka tsawwala, tumatir ya nuna jawur, babu motar da za ta kai shi Kano.

Ana cikin haka ƙanena, malamin firamare, ya same ni a gona. A gaban yaran da ke taya ni tsinka na ce masa, "Ku masu albashi kun samu hutu. Ƙarshen wata a biya ku, mu kuma wa zai biya mu?"

Ya ce, "Yaya, ai man injinka muke wa faɗa."

Na juya masa ƙeya. Ya tsaya jim, ya hau kekensa ya tafi.

Asara kam na yi ta, don rabin tumatirin sai yanka shi muka yi muka shanya ya zama kauɗa. Amma ranar 16 ga wata gwamnati ta sauko, ta mai da lita naira 97, aka janye yajin. Shekara uku ina ɗura wa injina mai a kan wannan farashin, da rangwamen da wasu suka tsaya a rana suka ƙwato min. Wasu ma a Kano da Legas da ransu suka biya.

A da ina ɗaukar yaji rigimar ma'aikata ce da gwamnati, babu ruwan manomi. Ban lura ba cewa ƙungiya ɗaya in ta tafi yaji ana iya yin biris da ita. Malaman jami'a sun shafe wata takwas suna yaji a 2022. Amma a 2012, ranar da bankuna da kasuwanni da filayen jirgin sama suka tsaya cik lokaci guda, har ma'aikatan mai suka yi barazanar rufe rijiyoyi, kwana takwas suka isa. Motar da ta ƙi zuwa ɗaukar tumatirina tana cikin abin da ya sa Abuja ta saurara.

Na fi wata biyu kafin na taka har gidan ƙanena na ce ya yafe min. Girman kai ne ya riƙe ni, kuma har yau ina jin kunyar wannan jinkirin.

Roƙona ga shugabannin ƙwadago shi ne, kafin ku sake kiran yaji, ku aiko a yi wa manoma bayani a kasuwannin ƙasar Haɗejiya, mu san ranar, mu kwashe abin da ya nuna.